Gaisuwa Ta Cikin Silin

’Ya’yana, yanzu na iso shekarar da kuka fi yi mini tsiya a kanta. Na san labarin da ke yawo a gidanmu, wai an kore ni daga aikin asibiti a Dubai ne saboda an kama ni ina barci a cikin silin. Na taɓa jin ’yar’uwarku Safiya tana ba ’ya’yanta labarin har da kwaikwayon minsharina, ban gyara mata ba, don ni ma da hannuna a yaɗa shi, ya fi sauƙin faɗa. Haka kuma kun taso kuna jin cewa Baba Habu, mijin Gwaggonku Hajara, ya yi aiki a Oman a wannan shekarar. Ƙafarsa ba ta taɓa taka Oman ba. Bara da na je gida na gaya masa ina rubuta tarihina, na tambaye shi yadda zan yi da wannan babin. Ya ce in rubuta yadda ya faru, yara sun girma, shi kuma ya gaji da amsa tambaya a kan ƙasar da bai sani ba.

Sai na fara gaya muku ko wane ne shi a wurina, don ku da tsufansa kuka san shi, yana zaune a zaure yana raba muku alewa. Da mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, Yaya Hajara ce ta ɗauke ni zuwa gidan aurenta a Funtua, a hannun mijinta na girma. Yaya nake ce masa, shi kuma bai taɓa kirana Adamu ba, sai Ɗanjuma, sunana na gida. Mutum ne marar faɗa, za ka fasa masa tulu ya yi shiru, amma ban da a kan gaisuwa. In na shigo da gudu na wuce shi, ba zai ɗaga murya ba, zai dai ce in koma waje in sake shigowa. In koma, in yi sallama, in durƙusa, in tambayi kwana da gajiya da iyali, alhali iyalin ni ne da Yaya Hajara da ke tsakar gida tana mini dariya. Sannan duk zamana a gidan ban taɓa ganin kansa babu hula ba. Ko alwala zai yi, tura ta baya yake yi ya shafa ya mayar. Ina yaro na ɗauka da ita aka haife shi.

Shi ya fara zuwa Dubai, ya sami aiki a ofishin wani kamfanin jigilar kaya, saboda yana da Turanci da Larabci. Da ya zauna da gindinsa sai ya nemo mini biza. Lokacin na haura arba’in, ina aikin famfo a Funtua, aikin kuma ya ja baya, ga ku kuna ta girma. Na sauka a unguwar Hor Al Anz, ɗaki ɗaya da wasu ’yan’uwa Hausawa, gado a kan gado. Shi yana da ɗan ɗakinsa a bayan unguwar Al Rigga. Duk Juma’a in an sauko daga masallaci can nake zuwa, ya dafa shinkafa da wake, mu kira gida tare, Yaya Hajara ta yi mana faɗa a kan ba ma cin ganye. A shekara ta uku na fara ganin yana ramewa. Idanunsa suka yi ja, ya ce barci ne ba ya samu. Wata Juma’a muna cikin cin abinci ya ɗaga hannu ya tambaye ni ko na ji ana kiran sunansa a matakala. Na leƙa, babu kowa. Na ce zafi ne, ya rage shan shayi. Iyakar ilimina ke nan a lokacin. Ba a jima ba ya kira ni a gurguje ya ce kamfani ya tura shi Oman na ’yan watanni, wurin babu sabis sosai, kada in damu in na ji shi shiru. Abin da ya gaya wa matarsa ke nan ita ma. Na yi masa fatan alheri, har ina jin daɗi zai canza iska.

Bayan tafiyar tasa ne kamfanin kwangilar da nake wa aiki ya ɗauke mu daga wani otal ya kai mu tsohon asibitin gwamnati na masu taɓin hankali. Gini ne na tun kafin garin ya zama abin da ya zama, babu bene, sai dogayen baranda da itatuwan darbejiya a tsakar gida. Hukuma ba ta so a rushe shi saboda tarihinsa, don haka aka ce a bar masa fatarsa a canza masa hanji. Bututun ruwa duk gishiri ya cinye su, wayoyin wuta sun tsufa, na’urorin sanyaya ɗaki na taga suna ƙara kamar injin niƙa. Za a sa sababbin bututu, a ja hanyoyin iska mai sanyi ta sama, a canza famfuna zuwa irin waɗanda ba su da inda za a rataya komai, a sa ƙofofin da ke buɗewa ciki da waje. Marasa lafiya ana matsar da su daga wannan ɓangare zuwa wancan, amma manyan bututun ta cikin silin suka bi, ta saman kowane ɓangare, har wanda mutane ke ciki. Saboda haka yawancin yinina a can sama nake yin sa, ina rarrafe a kan katako da tocila a goshi, cikin ƙura da zafin da ban taɓa sanin irinsa ba. Nan da can akwai ƙananan ƙofofi da muke ɗagawa mu miƙa kaya ko mu duba ko ruwa na ɗiga ƙasa.

Ranar farko fomanmu, wani Bamisire mai ƙaton ciki, ya tara mu a gindin darbejiya.

“Habibi, a nan ba ku da ido, ba ku da baki. Ba a gaida marar lafiya, ba a amsa masa. Wanda ya ga wani da ya sani, ya zo ya faɗa mini, ya bar wurin nan a ranar. Wanda ya ɓoye na gano, khalas, tasa ta ƙare.”

Na gyaɗa kai tare da kowa. A raina na ce wa na sani a gidan mahaukata, Allah ya gafarta mini, haka nake kiran wurin a lokacin.

Mun yi nisa da aiki, wata safiya ina saman ɗakin zama na ɓangaren maza, na ɗaga ɗaya daga ƙananan ƙofofin in duba wani haɗi da nake zargi. Na ja takunkumin hancina ƙasa don in sha iska, na zura kai. Mutane ne zazzaune a kujerun roba cikin riga da wando iri ɗaya, wasu na kallon talabijin. A kusa da taga akwai wani mai furfura a tsakiyar kai da ɗan sanƙo, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Kan ban san shi ba, amma na san hannuwan. Ya ɗago, muka haɗa ido. Yaya Habu ne, babu hula, gemu ba gyara, silifas ɗin roba a ƙafarsa. Ban yi tunani ba, wallahi, jikina ne ya yi aikin. Na janye kaina na rufe ƙofar a hankali, kamar yadda za ka yi in ka buɗe banɗaki ka tarar da babba a ciki.

Na daɗe kwance a kan katakon nan ban san abin da nake ji ba. Na ce ko kama ce, mutane suna kama. Na ce to in shi ne, wa ke Oman? Wannan tambayar ta wauta ta yi ta juya mini a kai har la’asar. A ranar na haɗa bututun ruwan zafi da na sanyi a juye, abin da ko ina koyo ban yi ba, foman ya tambaye ni ko azumi nake. Da yamma ina cikin motar ma’aikata Yaya Hajara ta kira, ta ce ko na ji daga Yayana, ita ya kira ta sau ɗaya muryarsa a shaƙe, kiran kuma bai yi tsawo ba. Na buɗe baki ban san me zai fito ba. Sai na ji kaina ina ce mata ai Oman haka take, duwatsu ne ke tare sabis.

Ga yadda na auna abin, ku ma ku auna. In na gaya wa foman, a ranar zan bar wurin, kamfanin kuma ba shi da wani babban aiki a hannu, bizata a jikinsa take. In na bar wurin, Yaya ya rage shi kaɗai a cikin baƙi, babu idon gida a kansa. In kuma na sauka na gaishe shi, na karya doka, sannan na nuna masa na ga abin da ya yi ƙarya don kada in gani. Mutumin da ya ƙirƙiro ƙasa guda don ya rufa wa kansa asiri, ni ne zan zo in yaye? Da na je ɗakinsa na Al Rigga mai gadin ya ce mutanen ofishinsu ne suka zo suka tafi da shi, ya daina barci, yana magana da bango. Na dawo na yanke abin da na ga ya fi: zan zauna, zan sa masa ido daga sama, in yi kamar ban gan shi ba.

Daga nan duk aikin da ya faɗo a saman ɓangaren maza ni ke ɗaga hannu, har abokan aikina suna mamaki, don nan ya fi ko’ina zafi. Kusan kullum sai na sami dalilin ɗaga ’yar ƙofar nan. In leƙa, in ga ya ci abinci ko bai ci ba, in ga yana tafiya a baranda. Sau da yawa yakan ɗago ya gan ni, ya kalle ni na ɗan lokaci, sannan ya kawar da kai leɓɓansa na motsi. Ni kuwa sai na ɗauka mun fahimci juna ne, irin fahimtar manya, shi bai gan ni ba, ni ban gan shi ba, kowa ya riƙe mutuncinsa. Har wani sanyi nake ji a raina. Da muka zo canza famfon ɗakinsa, irin mai ɗauke ruwa da kansa, na ƙara masa lokaci don ya ishe shi alwala ba sai ya yi ta dannawa ba.

Akwai wata nas a asibitin, Sista Rahila, ’yar Zonkwa, wadda Hausa ce ta haɗa mu tun makon farko da ta ji ina wa wata ƙusa faɗa. Mukan gaisa a bayan kicin inda ma’aikata ke shan ruwa, ta tambayi iyali, in tambayi coci. Da aka mayar da ita ɓangaren maza, wata rana ta tsayar da ni ta dubi katin da ke ƙirjina mai ɗauke da sunan Adamu, ta tambaye ni ko ina da wani nawa a cikin marasa lafiya. Na ce babu. Ta sake tambaya ko akwai wani Bahaushe a cikin masu aikin silin ban da ni. Na ce ni kaɗai ne. Ta yi kamar za ta ƙara magana, sai ta ce to Allah ya taimaka, ta wuce. Na tafi ina yaba wa kaina yadda na riƙe sirri.

Abin da ya gagare ni shi ne gaisuwar. Ku ba za ku gane ba, kun saba ku aika wa babba saƙo da hoton hannu a waya. Ni kuwa in ga Yaya Habu da safe in wuce, kullum, ji nake kamar na fita ban wanke fuska ba. Lokacin mun gama jan sababbin hanyoyin iska a saman ɗakunan kwana amma ba a kunna su ba, kuma na lura in ka yi magana a bakin ɗaya, tana fita ta ragar da ke cikin ɗaki sarai. Wata safiya na rarrafa zuwa saman ɗakinsa, na hango shi ta ragar yana zaune a kan darduma shi kaɗai. Na ga ai ga hanya Allah ya kawo: babu wanda zai gan ni, shi ma ba sai ya haɗa ido da ni ya ji kunya ba. Na gyara zama yadda wurin ya bari, don ko a silin ne ba zan gaishe shi a miƙe ba, na sa baki na yi ƙasa da murya.

“Salamu alaikum. Yaya, ina kwana? An tashi lafiya?”

Ya daskare. Bai ɗago ba. A hankali ya ɗaga hannuwa biyu ya toshe kunnuwansa, ya fara karatu da sauri, kansa na lilo. Na jira amsa, ba ta zo ba. Na koma da baya raina a jagule. Na ce fushi yake na gano shi. Na ce a’a, kunya ce. Na ce ko dai ciwon ne ya hana shi gane muryata, in haka ne ai sai in ci gaba har ya gane. Na ci gaba kuwa. Ba kullum ba, amma duk safiyar da na sami hanya sai na gaishe shi, wani lokaci in ƙara da cewa Yaya Hajara na lafiya, yara na lafiya, Allah ya ba shi sauƙi.

Sauƙin bai zo ba. Na ga tafiyarsa ta canza, yana jan ƙafa, hannuwansa na rawa, in ya zauna sai yawu ya zubo masa bai sani ba. Ya daina zama kusa da taga, ya koma lungun da babu ’yar ƙofa a samansa. Hankalina ya tashi ƙwarai. Na rasa gane yadda mutum zai kasance a hannun likitoci, ga magani, ga addu’a ta sama, amma kullum baya yake yi. Har na fara zargin asibitin. Ni ma barcin ya fara gudu na, abokan ɗakina suka ce ina magana ni kaɗai a wurin wanki. Akwai ranar da na ɗaga ’yar ƙofa na ga kujerarsa babu kowa, na tsaya ina tambayar kaina ko dama can ban taɓa ganinsa ba, ko zafin silin ne ya dafa mini kai, mutumin yana can Oman yana shan iska.

Abin ya fashe ne ta wayata. Ina bayan kicin da azahar hannuna duk man bututu, Yaya Hajara ta kira, na danna da gwiwar yatsa, muryarta ta fito a fili tana cewa, “Ɗanjuma, wai har yanzu shiru?” Sista Rahila na tsaye a wurin da kofi a hannu. Ta jira na gama, ta ce in biyo ta. Muka tsaya a inuwar tankin ruwa, ta kalle ni kallon da ban taɓa gani a fuskarta ba.

“Malam Adamu, kai ne Ɗanjuma?”

Na ce ni ne.

“Abin da zan gaya maka zai iya cin aikina, amma ka ji. Mutumin nan an kusa sallamarsa kafin ku iso ɓangarensu. Muryoyin da yake ji sun daina. Sai ya je da ƙafarsa ya gaya wa likita ciwo ya dawo, yana ganin ƙanin matarsa a silin. Likita ta ce masa ai ma’aikata ne a sama. Ya ce ya sani, ƙwaƙwalwarsa ce ke ɗora wa ɗayansu fuskar Ɗanjuma, don da Ɗanjuman gaske ne da ya sauko ya gaishe shi. Ya ce shi ya rene shi, ya san abin da ya rena.”

“Ai na gaishe shi, Sista.”

“Ta ina?”

Na gaya mata. Ta nemi bakin dakali ta zauna, ta ajiye kofin a ƙasa. Ta ce ranar da ya gaya wa likita fuskar ta fara magana ta ragar iska, ranar aka ƙara masa magani, da muryar ta ci gaba aka sake ƙarawa. Ta ce shi ne marar lafiyar da ya fi kowa gaskiya a ɓangaren, ba ya ɓoye komai, don yana so ya warke ya koma wa iyalinsa.

Ban yi kuka ba. Kaina ne ya ƙi ɗaukar maganar. Na yi ta bin ta daga farko ina neman inda ta karkace. Na kawar da kai don in girmama shi, ya zama shaidar cewa ni ba mutum ba ne. Na gaishe shi don in cika abin da ya koya mini, ya zama ciwo. Har na tambaye ta ko in daina kawai, in bar ɓangaren shiru, ya ga abin ya wuce. Ta ce zai wuce, amma zai rayu yana ganin maganin ne ya kore ni, za a bar shi a kan wannan nauyin maganin, kuma ba zai sake yarda da idonsa ba. Ta ce ita ba za ta iya kai maganar ba, don za a tambaye ta yadda aka yi na sani. Ni ne zan je da bakina.

Na kwana ina juya ku a raina, ku da makarantarku, da bizar, da fuskar Yaya in ya san duk wannan lokacin ina kallon kansa. Ba zan ce muku na tashi da ƙarfin zuciya ba. Na tashi ne kawai na ga ƙafata ta nufi ofishin foman. Ya saurare ni baki buɗe, ya dafe kai, ya ce a shekarunsa na aiki bai taɓa jin wanda ya yi hira da marar lafiya ta bututun iska ba. Shi ya kai ni wurin likitar, wata dattijuwa ’yar Sudan. Ta sa na maimaita labarin sau biyu, ta cire tabarau ta goge, ta tambaye ni me ya hana ni zuwa ta ƙofar gaba in ce ni ɗan’uwansa ne. Na ce ba shi da hula. Ta dubi foman, foman ya dube ta, na ga babu wanda ya gane, ni ma a lokacin da na ji ta a bakina ban ga ta yi kama da dalili ba.

Likitar ta ce dole ya gan ni a gabanta, a ƙasa, da rana tsaka. Na roƙi a ba shi hula tukuna, Sista Rahila ta samo wata fara ta saƙa. Aka shigo da shi ofishin yana jan ƙafa, aka zaunar da shi. Ina tsaye a bakin ƙofa cikin kayan aiki. Na fita waje, na sake shigowa da sallama, na durƙusa a gabansa har gwiwata na taɓa tayil.

“Yaya, ina wuni? Ya jiki?”

Bai kalle ni ba. Ya kafa ido a kan labule, hannuwansa suka fara tasowa zuwa kunne, sai ya tsayar da su a hanya. Ya juya wajen Sista Rahila, ya yi magana a hankali kamar mai tsoron a ji.

“’Yata, akwai mutum a nan?”

“Akwai, Baba.”

“Me yake yi?”

“Ya durƙusa yana gaishe ka.”

“Ke ma kin ji?”

“Na ji, Baba. Likita ma ta ji.”

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya miƙo hannu ya dafa kafaɗata, ya murza rigar, ya duba ƙurar silin da ta maƙale masa a yatsu. Ya ce lafiya lau, ya aiki, ya mutanen gida. Na amsa masa ɗaya bayan ɗaya. Da muka kai ƙarshen gaisuwar sai ya tambaye ni ko ni ne na gyara masa famfo. Na ce ni ne. Ya ce ya yi zaton shi ma ciwon ne.

A ranar na bar wurin. Foman ya ce, “Yalla, ɗauki kayanka,” amma ya raka ni har bakin ƙofa, bai kuma rubuta abin da zai sa a soke mini biza ba. Na yi watanni a ɗaki babu aiki, daga baya kamfanin ya tura ni unguwar Al Warsan gyaran banɗakunan gidajen ma’aikata, inda nake har yau. Ban sake taɓa babban aiki ba, ban kuma ga asibitin da aka gama shi ba, an ce ya yi kyau. Yaya ya ƙara makonni ana rage masa magani sannu a hankali, ina zuwa dubiya ta ƙofar gaba kamar kowa. Da aka sallame shi ya ajiye aiki ya koma Funtua, shi da kansa ya gaya wa matarsa komai. Ta kira ni ta yi mini tatas, ba a kan silin ba, a kan duwatsun Oman.

Shi bai taɓa ɗora mini laifi ba. Na taɓa ɗauko maganar, ya ce in bar ta, kowa a cikinmu ya yi iya saninsa. Ni dai har yanzu in na zauna na bi ta daki-daki, ban gano wurin da ya kamata in tsaya in yi dabam ba, ko da yake na san akwai shi. Ya warke, alhamdu lillahi, kun gan shi, yana shan maganinsa, ya aurar da ’ya’yansa, unguwa na kawo masa shawara.

Duk Juma’a in an sauko daga masallaci ina kiransa. Wayar ta shiga, in ji an ɗauka, in yi sallama in gaishe shi. Ba ya amsawa. Ina jin numfashinsa, sannan in ji yana kiran Gwaggonku. Wani lokacin tana can madafa, ga ciwon gwiwa, sai in riƙe waya in jira. Ta zo ta karɓa ta kara a kunne, in sake sallama, ta ce masa, “Ɗanjuma ne,” ta mayar masa. Sai a sannan yake ce mini lafiya lau. Ku kun san in kuka kira shi nan take yake amsa muku, har da tsokana. Muryata ce kaɗai ba ya yarda da ita sai wani ya ji ta tukuna.